Goggo Tibra Ba Ta Karɓi Gaisuwa Ba

A gidanmu ni ake nema idan gardama ta tashi kan wane ne ya riga wane zuwa duniya, ko wace shekara aka yi farin da ya kashe itatuwan ɓaure. Ba don na fi kowa shekaru ba, sai don tun ina ƙarama nake zaune a gindin murhun Goggo Tibra, yayar mahaifina, tana aiki tana zuba labari. Nata ne ya rage ban bayar ba. Ita da bakinta ta ce in bayar, kuma kada in rage wa kowa laifinsa.

Goggo ce mai tuƙa bazin, tuwonmu na garin sha'ir, a garinmu Ain Batuma. Ko aure, ko suna, ko mutuwa, muddin za a ciyar da jama'a, ita ake aika wa mota. Garin sha'ir taurin kai gare shi, sai an danne tukunya da ƙafa an bi shi da muciya da dukan ƙarfi, ƙarti ma kan gaji. Ita kuwa gajeriya ce, amma damtsenta kamar na maƙeri. Ta mulmula shi ya tsaya tsakiyar akushi kamar ƙubbar masallaci, ta kewaye shi da jar miya da naman rago da dankali da dafaffen ƙwai. Mazan garinmu daga lomar farko suke gane hannunta. Idan wata ce ta tuƙa, sai ka ji suna tambaya ko Hajiya Tibra ba ta da lafiya.

Ba da son ranta ta shiga sana'ar ba. Mijinta Imbarak yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Chadi, lokacin babban ɗanta Miftahu yana tatata, ƙaramin kuma, Ayyad, yana ciki. Bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba. Wani soja ne ya zo ya ce mata ta yi farin ciki, mijinta ya yi shahada. Daga ranar ba ta ƙara kiran sunan Kanar, shugaban ƙasarmu, ba, sai dai ta ce "mutumin can". Idan ya fito a talabijin yana doguwar huɗubarsa, sai ta juya wa akwatin baya ta ci gaba da tsince wakenta a faranti.

Imbarak ya bar musu tsohuwar matsar zaitun a bakin kwari, irin mai dutsen niƙa. Da Miftahu ya girma sai ya tayar da ita. Dogo ne, mai yawan dariya, kullum tufafinsa na ƙamshin mai. Ayyad kuwa shiru-shiru, ya koyi gyaran mota, ba ka jin bakinsa sai ka tambaye shi.

A ƙetaren kwarin akwai matsar Alhaji Milad, sabuwa fil, da injin da ya sayo daga Italiya. Amma mutane suka ci gaba da kai zaitun ɗinsu wurin Miftahu, wai man dutse ya fi ɗanɗano. Wannan abu ya tsaya wa Alhaji Milad a wuya. Ya nemi a sayar masa da filin, Goggo ta ce ko ƙasar da ke manne a takalminta ba ta sayarwa ba ce. A zamanin Kanar babu gidan da ya kai nasa girman koriyar tutar gwamnati. Da iska ta juya, kafin mu farga ya sauke ta ya ɗaga ta 'yan tawaye, ya tara samari ya raba musu bindigogi, ya zama kwamanda. Har wata waya aka ba shi mai kauri, mai eriya, wadda ba ta bukatar layin gari. Da ita ake gaya wa manyan 'yan tawaye da ke bakin teku inda sojojin Kanar suke, su kuma su gaya wa jiragen yaƙin Turawa.

Ba zan ɓoye ba, a gidanmu mun yi murna da jiragen nan. Mun ji abin da tankoki suka yi wa garuruwan da ke gabas da mu, mun san saura mu. Miftahu ya fi kowa. Idan ya ji rugugi a sama sai ya fito tsakar gida yana ɗaga hannu, yana cewa, "Sannunku da aiki, baƙin Allah!"

Goggo ta ce, "Kai wawa, shiga ciki. Daga can sama da kai da akuya duk ɗaya ne."

Ya ce, "Haba Inna, an ce ko lambar mota suna iya karantawa."

Ta ce, "Lamba dai. Zuciya fa?"

A cikin azumin shekarar, wata rana da tsakar rana, motocin sojan Kanar suka tsaya a inuwar matsar Miftahu. Suka cika jarkokinsu da ruwa, suka wuce kafin la'asar. Bayan kwana biyu, da hantsi, Miftahu ya tafi ya gyara ƙofar da suka ɓalle. Ina shanya a kan soro na ji ƙasa ta motsa, tagoginmu suka zube, hayaƙi ya tashi daga bakin kwari.

A daidai lokacin Alhaji Milad yana zaune a ƙofar kantin Sasi da mutane kewaye da shi. Ya ɗaga wayarsa sama ya ce, "Kun ji aikin 'yar tawa? Ni na ce musu su buga nan. Maɓoyar makamai ce." Mahaifina yana wurin, da kunnensa ya ji. Liman ma ya ji, mai kantin ya ji. Sai da aka je aka ga babur ɗin Miftahu kwance a gefen ramin, sannan Alhaji Milad ya mayar da wayar aljihu, ya ce yaƙi ne, kuma shi bai san da mutum a ciki ba. Ko harsashi ɗaya ba a samu a cikin ɓaraguzan ba. Dutsen niƙan ya rabe biyu. Abin da aka tattara na Miftahu, a cikin bargo guda aka kai shi maƙabarta.

Da aka dawo daga jana'iza, samari suka kawo tantin makoki a bayan mota, suka fara sauke sanduna a ƙofar gida. Goggo ta fito, idonta a bushe, ta ce, "Ku mayar."

Baba ya ce, "Yaya, mutane na hanya."

Ta ce, "Su koma. Wanda Allah ya ɗauka shi ake karɓar wa gaisuwa. Nawa nuna shi aka yi da yatsa."

Kowa ya gane. A wurinmu idan an kashe mutum, danginsa suka ƙi kafa tanti, to jini na nan a buɗe. Ba wanda zai ce musu Allah ya ba da haƙuri, ba kuma a yin guɗa ko kiɗa a dangin, sai ranar da aka rama ko aka sasanta. Al'adar kakanni ce, mun ɗauka ta mutu tare da su. Samarin suka mayar da sandunan cikin mota suna kallon ƙasa.

Ayyad yana fagen daga a lokacin, wajen Tarabulus. Ya dawo bayan an kashe Kanar, ya rame, da bindiga a kafaɗa kamar kowane saurayi a shekarar. Ranar da garin ya fita yana harbi sama don murna, Goggo ta rufe ƙofarta. Ta ajiye wa Ayyad akushi ta ce, "Ci ka ƙoshi, akwai aiki a gabanka." Haka ta riƙa faɗa masa kullum, safe da yamma, kamar bismillah. Shi kuma ya ci, ya tashi ya goge bindigarsa, ya hau soro ya zauna yana kallon ƙetaren kwari.

Abin da ya hana Baba barci ke nan. Alhaji Milad ba shi kaɗai yake yawo ba. Yana da samari da motoci masu manyan bindigogi a baya, ga albashi na zuwa musu daga Tarabulus, wasu ma sun ce har daga wata ƙasa. Ko Ayyad ya same shi, ba zai kai gida da ransa ba. Baba malamin firamare ne, tsoron yayarsa yake kamar yadda ɗalibansa ke tsoronsa. Ya yi ta jan lokaci: a bari a kafa gwamnati, a bari a buɗe kotu, a bari a ji me masu jiragen za su ce. Masu jiragen ba su ce komai ba. Wasu Turawa biyu dai sun zo da tafinta, suka auna ramin, suka ɗauki hoto, suka sha shayi har zagaye uku, suka ce su ba gwamnati ba ne, amma za su rubuta. Kotu kuwa, alƙalin da aka turo bai yi wata ba ya tattara ya koma, bayan an harbe masa tayoyin mota.

Aure uku aka ɗaura a danginmu a waɗannan shekaru, duk a shiru, kamar ana satar amarya. Har da na yayata. Ta yi kuka, amma ba ta iya zuwa ta roƙi Goggo ba.

Sai aka ce za a yi zaɓen majalisar gari, kuma Alhaji Milad ya tsaya. Hotonsa ya cika bangon makaranta, yana murmushi, an rubuta "Gwarzon Juyi" a ƙasa. Wata ƙungiya ta turo mata su koya mana jefa ƙuri'a. Da yake na gama sakandare, aka sa ni cikin masu tara mata a ajin Baba. Goggo ta ce za ta je ta ga idon masu abin.

Baturiya ce ta zo, mai kirki, ta yafa gyale a karkace, tare da wata 'yar Tarabulus mai fassara. Ta nuna mana akwatin roba da ake ganin cikinsa, ta ce daga yau ƙarfi ya bar bakin bindiga ya koma cikin wannan. Goggo ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"'Yata, tambaye ta, su ne masu jirgin?"

Mai fassarar ta yi 'yar dariyar kunya ta ce, "Hajiya, ita ba soja ba ce."

"Ban ce soja ce ba. Na ce garinsu ɗaya da jirgin? To gaya mata, wancan karon sun aiko mana da wuta, bana sun aiko da akwati. In wannan ma ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, wa za mu kama?"

Mata suka yi ta ƙunshe dariya. Baturiyar ta saurari fassarar, fuskarta ta yi ja, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Sannan ta ce wani abu da ya shiga kunnen Goggo: wai a bayan labulen nan ba mai ganin hannunka, ko mijinka, ko kwamanda.

Da yamma Baba ya same ta tana gasa gyaɗar da muke zubawa a shayi. Ya durƙusa kamar mai neman aure.

"Yaya, kin ji dai. Mutumin nan ba abin da yake so a duniya kamar kujerar nan. In aka kayar da shi a gaban kowa, da hannun matan da yake rainawa, ba a rama ba?"

"Takarda ce za ta biya jinin ɗana?"

"Harsashi sau ɗaya zai ji shi. Wannan kuwa kullum ya fito ƙofar gida sai ya ji."

Ta daɗe tana juya gyaɗa. Can ta ce, "In akwatin ya kayar da shi, zan kafa tanti. In bai kayar ba, ka cire bakinka daga maganar Ayyad har abada."

Baba ya ce ya yarda, da sharaɗin bindigar ta kwana a wurinsa har ranar. Ayyad ya kawo ta da kansa ya ajiye a gaban Baba.

Wanda ya tsaya takara da Alhaji Milad likitan dabbobi ne, Dakta Hadi, mutumin da Goggo ba ta taɓa yafe wa mutuwar wata tunkiyarta ba. Na tuna mata. Ta ce, "Ko jakin Sasi aka tsayar, shi zan zaɓa, in kuma yi masa guɗa."

Ban taɓa ganin yaƙin neman zaɓe irin nata ba. Ba ta hau mumbari ba, ba ta manna hoto ba. Madafa ta bi, gida gida, ni ina riƙe mata jaka. Babu madafar da ba ta san inda ake ɓoye sukari a cikinta ba. Ta zauna, a ba ta shayi, ta ƙi sha, sai uwar gida ta tsargu.

"Lafiya, Hajiya Tibra?"

"Lafiya lau, Zahwa. Na ji an sa ranar 'yarki Huda. Wa zai tuƙa miki?"

"Wa kuwa in ba ke ba?"

"Ni? Ai hannuna ya yi tsami. Ba ya warkewa sai ranar da aka ƙirga ƙuri'a."

"Hajiya, kin san maigidan nan, ɗansa na cikin yaran Alhaji."

"Maigidan zai bi ki bayan labule? In ya bi ki, ki yi ihu, mu zo mu ga tsohon banza."

Wata ta ce tana tsoro. Goggo ta ce, "Ni na tuƙa na sunanki, ni na tuƙa na aurenki, ni na tuƙa ranar da aka binne uwarki. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙa." Ba ta ambaci Miftahu a ko'ina ba. Ba ta bukata. Duk matar da ta leƙa taga tana ganin ramin.

Maza suna can suna lissafin dangi da dangi, wane gida na wane ne, ba wanda ya lissafa mata. Ranar zaɓe layinmu ya zagaye makaranta ya kai bakin masallaci. Har tsofaffin da suka shekara ba su taka waje ba aka kawo a kujera. Goggo ta fito daga bayan labule da yatsa shuɗi, ta ɗaga shi saitin hoton da ke bango, ta riƙe shi haka har sai da na ja ta muka tafi.

Alhaji Milad ya faɗi. Ba ƙaramar faɗuwa ba. Da labari ya iso, Goggo ta zauna a ƙasa a tsakar gida, ta kira sunan Miftahu sau ɗaya, sannan kukan da ta riƙe shekara da shekaru ya ɓalle. Muka kewaye ta muna yi tare. Da ta share ido ta ce wa Baba, "A kawo tantin."

Aka kafa shi a ƙofar gida, babba, mai ratsin ja da kore, aka jera kujeru. Mutane suka zo daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Baba da Ayyad suka tsaya a bakin shiga suna karɓar hannu. Bisa al'ada maƙwabta ne ke yi wa gidan makoki girki, amma Goggo ta ce ba wadda za ta tuƙa na ɗanta sai ita. Na ga Ayyad ya yi murmushi ranar, karon farko tun dawowarsa.

Abin da ba mu lissafa ba, mu da muka san al'adar, shi ne tanti ba shi da ƙofa. Duk wanda ya zo gaisuwa ba a korarsa, ko shi ne ya yi kisan. In kuwa ya miƙa hannu mai makoki ya karɓa a gaban dattawa, to jini ya rufu, ba mai sake tayar da shi sai ɗan iska.

A rana ta biyu da safe muka ji cewa yaran Alhaji Milad sun kewaye ginin majalisa, sun sa kwaɗo, sun ce an yi maguɗi. Dakta Hadi ya je da takardarsa ta cin zaɓe, suka ce ya koma ya duba awaki. Aka buga waya Tarabulus, aka ce ana duba lamarin. Kafin azahar sai ga ƙura ta taso daga kwari. Motocin Alhaji Milad ne, da bindigoginsu a baya. Suka tsaya daf da tantin.

Muna bayan katanga, wurin tukwane, muna leƙe ta ramukan bulo. Ya sauko da farar riga da 'yar shara mai aiki da baƙar hula, yana jan carbi. Ya bi layi kamar kowa, a hankali, yana gaisa dattawa. Ayyad na tsaye, hannayensa a bayansa. In ya karɓi hannun, an gama da Miftahu, kuma mutumin ya tafi da kujerar da jinin gaba ɗaya. In ya ƙi, ko ya kai masa duka, ga samari can da yatsa a kan kunama.

Alhaji Milad ya iso gabansa, ya miƙa hannu, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu Miftahu, shahidin juyi. Allah ya ba ku haƙuri, ɗana."

Na juya in ga Goggo, ba ta nan. Muciya na tsaye cikin tukunya, wuƙar yankan nama kuma babu ita a kan faranti. Na ɗauka cikin tantin za ta shiga.

Ba ciki ta nufa ba. Ta zaga ta bayansa, ta gefen da iska ke bugowa, ta kama igiya ta farko ta yanke. Ta biyu. Ta uku. Sandar tsakiya ta yi ƙara ta karkata, sai tantin nan gaba ɗaya ya kwanta a kan mutane, da liman, da dattawa, da butocin shayi, da mai miƙa hannu. Ihu ya tashi, kowa na laluben hanya a ƙarƙashin tamfol. Ayyad da yake a bakin shiga yake, shi ya fara fita, hannunsa bai taɓa na kowa ba.

Alhaji Milad ya rarrafo waje, ba hula, shayi ya ɓata masa gaban riga. Ya ɗago ya ga Goggo tsaye a kansa da wuƙa, hannunta duk garin sha'ir.

Ta ce, "Babu tanti, babu gaisuwa. Kowa ya shaida, ban karɓa ba."

Samarin suka ɗaga bindigogi. Ba ta ko kalle su ba.

"Milad ɗan Zarga, ina 'yar taka? Tana aljihu? Kira su. Ce musu akwai maɓoyar makamai a nan, ga tsohuwa da wuƙar albasa. Kira su mana, gwarzon juyi! Ko sun daina ɗauka?"

Wani daga cikin dattawa ya tuntsire da dariya daga ƙarƙashin tamfol, bai san me ake ciki ba. Alhaji Milad ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya yi wa yaransa alama su sauke. Ya ce, "Tsufa ne, a yi mata uzuri." Amma har ya shiga mota ba wanda ya miƙo masa hularsa.

Da jama'a suka watse, Ayyad ya zo tsakar gida ya tsaya gaban Baba.

"Kawu, a ba ni kayana. Akwatin ya kayar da shi, ya tashi ya zauna a kan akwatin. Alkawari ya warware."

Baba ya dubi yayarsa. Ya riga ya yi rantsuwa zai cire bakinsa. Ya ce, "Maganar tana wurin uwarka."

Goggo na zaune a kan turmi tana wanke hannu. Ta wanke, ta sake wankewa. Mu duka muna jiran ta ce a ɗauko.

Ta ce, "Gobe za ka bi motar Sasi zuwa iyaka. Ka ƙetare ta zuwa Safakus wurin ɗan Zahwa, an ce garejinsa na neman hannu."

Ayyad ya yi kamar bai ji ba. "Inna, me kika ce?"

"Ka ji ni."

"Shekara nawa kina ce mini in ci in ƙoshi? Kiwona kike yi don wannan rana! Yau kuma in gudu kamar ɓarawo, a ce ƙanen Miftahu ya tsere?"

"A ce. Bakin mutane ba ya haƙa kabari." Ta ɗago ta dube shi. "Yau na ga yadda suke ɗaga bindiga. Yaran da na tuƙa na sunansu ne, ko ƙiftawa ba su yi ba. Da ina ganin kai da shi ne. Ashe kai ɗaya ne, shi kuwa da gari a aljihu. Ya ci mini ɗaya, ba zan kai masa na biyu har gida in ce ga ƙari ba."

"To jinin Yaya fa?"

"Jinin ɗana ba ya ruɓewa. Yana nan inda na ajiye shi. Ba yafewa na yi ba, kada ka kuskura ka faɗa wa kowa na yafe."

Ya tafi washegari, fuska a murtuke, bai bari ta rungume shi ba. Ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana, sannan ta ce wa Baba ya jefa bindigar a tsohuwar rijiya, ta kuma ce wa dangi duk mai aure ya yi guɗarsa, makokin nata ne ita kaɗai.

A bazarar shekarar faɗa ya sake ɓarkewa a Tarabulus. Ƙasashen da suka turo jiragen suka rufe ofisoshinsu, suka kwashe mutanensu ta ruwa da ta tudu. Alhaji Milad na nan a ginin majalisa har yau. An sha sa ranar sabon zaɓe ana ɗagawa. Duk lokacin da aka sa, Goggo kan aike ni in duba ko sunanta na nan cikin masu jefawa, ta kuma fara zagayen madafai, ko da yake yanzu sai da sanda.

Shekaranjiya ina taje mata kai, aka ce an kai Alhaji Milad asibiti a Tunis, ciwon sukari ya taɓa masa ƙafa. Na ce, "Goggo, in ya riga ki fa?"

Ta ce, "Zai riga ni. Ina shan maganina a kan lokaci saboda shi. Ranar da ya mutu ni zan tuƙa na makokinsa, kyauta, in zuba nama har ya yi yawa. Bazin ɗin da ba a taɓa ci irinsa a garin nan ba. Kowa ya ci ya san hannun wa ya ci. Washegari in kafa nawa tantin."

Ayyad ya yi aure a Safakus, yana da 'ya mace. Ya huce, yana kira duk Juma'a bayan an sauko. Su gaisa, ta tambayi jikar, ta yi masa faɗan shan taba. Kafin ya ajiye sai ya ce, "Inna, in dawo?"

Ta ce, "Ba yanzu ba."